Kundin Aikin Awon Kauri da Yaran Unguwarmu a Mabera, Sakkwato

Alhamis, 12 ga Disamba, 2024

Yau muka yi zaman farko a zauren gidanmu bayan sallar La'asar, da yara goma sha ɗaya, yawancinsu 'yan aji huɗu zuwa shida na firamare. Na zaɓi Alhamis ne saboda babu Islamiyya da yamma, don kada iyaye su ce na raba 'ya'yansu da karatu. Abin da nake so shi ne yaran su koyi auna abin da idonsu ya daɗe da sani, wato dalilin da ya sa ruwa yake kwarara nan take, zuma kuwa take jan jiki kamar an yi mata dole.

Kafin in buɗe kwalba ko ɗaya, na tambaye su kalmomin da suke ji a gida idan ana maganar kunu, miya ko mai. Ba a jima ba kwalin da na manna a bango ya cika: kauri, tsararo, tsinkewa, danƙo, yauƙi, daskarewa. Wata yarinya ta ƙara da cewa innarta takan ce manja ya yi barci idan sanyi ya sauka. Mun yi yarjejeniya cewa duk inda muka ce kauri a wannan aiki, ƙin kwarara muke nufi, sauran kalmomin kuma za mu bi su ɗaya bayan ɗaya mu ga ko abu guda suke nunawa.

Gwajin yau tsere ne a kan babban tiren silba da muka jingina da bulo. An ja layi biyu da tazarar santimita 30, aka zuba cokali ɗaya na ruwa, na man gyaɗa, na manja da na zuma a layin sama. Ruwa ya isa ƙasa kafin mai riƙe da wayar ya danna agogo, man gyaɗa ya ci kusan sakan 10, manja ya biyo baya, zuma kuwa ta haura minti 5. Yaran sun yi shewa, amma ni ban gamsu ba, domin cokalin wannan yaro ya fi na wancan cika, kuma sau biyu tiren yana zamewa daga kan bulon. Da muka maimaita, man gyaɗa ya ba mu sakan 7, sannan sakan 13. Tseren ya nuna wanda ya riga wani, amma lambobinsa ba abin dogaro ba ne.

Alhamis, 19 ga Disamba, 2024

Na sayo sababbin sirinji huɗu masu cin mililita 20 a kyamis, na cire allurar tun a can, na zare sandar turawa, aka bar bututun kawai. Mun ɗaure su tsaye a jikin wani katako. Ka'idar ita ce a toshe bakin da yatsa, a cika har layin 20, a saki, a ƙidaya lokacin da abin zai sauka zuwa layin 10. Kowane awo sau uku za a yi shi, kuma yaro ɗaya ne zai riƙe agogo daga farko har ƙarshe, domin saurin yatsa ma ya bambanta daga yaro zuwa yaro.

Ma'aunin zafin da na rataye a zauren ya nuna digiri 27. Ruwa ya ci sakan 4 a duk karo ukun. Man gyaɗa ya ci 30, 31 da 30, abin da ya faranta mini rai ƙwarai idan aka tuna da hargitsin makon jiya. Zuma ta ci minti 28, saboda haka sau ɗaya kawai muka samu yi kafin kiran sallar Magariba.

Akwai wani abu da ban ɓoye wa manyan cikinsu ba. A littattafan kimiyya, idan an ɗauki kaurin ruwa a digiri 20 a matsayin 1, na man gyaɗa yana kaiwa 70 zuwa 80, na zuma kuma dubbai ne. To amma sirinjinmu ya ce mai ya fi ruwa jinkiri sau bakwai ko takwas kacal. Ba ƙarya littafin ya yi ba, kuma ba kuskure yaran suka yi ba. Bakin sirinjin gajere ne, ruwa kuma tsararo ne har ta kai ba kaurinsa ke tsayar da shi ba, ƙanƙantar ƙofar ce kawai. Sai abu ya yi kauri sosai sannan gugar da yake yi da bangon bututun, da wadda sassansa suke yi da juna, take zama mai hukunci. Don haka na'urar tamu ta dace da gwada mai da zuma, ko mai da mai, amma tana tauye wa ruwa haƙƙinsa.

Ɗaya daga cikin waɗanda suka fara bin diddigin wannan al'amari a siraran bututai likita ne Bafaranshe mai suna Jean Poiseuille, wanda a wajajen 1840 yake son fahimtar yadda jini ke gudana a ƙananan jijiyoyi. Ya gano cewa idan an ninka faɗin bututu sau biyu, abin da zai wuce ta cikinsa yakan ninka sau 16. Wani yaro da mahaifinsa ke aikin famfo ya ce yanzu ya gane abin da ya sa Baba yake faɗa idan mai gida ya nace a sa masa siririn fayif don rage kuɗi.

Alhamis, 2 ga Janairu, 2025

Zumar da muka fara da ita ta tafi. Rabi ya bi yatsun masu awo, sauran kuma kiyashi suka mamaye saboda an bar murfin a kwance. Laifina ne, domin ni ya kamata in duba kafin in rufe zauren. Asarar ba ta kuɗi kaɗai ba ce, domin zuma ba ta zama ɗaya: wadda ruwan cikinta ya fi yawa ta fi saurin kwarara, saboda haka minti 28 na watan jiya ba za a iya gwada shi da wata sabuwar zuma ba. Na sayo wata a Tsohuwar Kasuwa, na raba ta biyu, na liƙe kwalba ɗaya da leda da kyauro na ajiye a ɗakina, ba za a buɗe ta ba sai bazara. Haka na yi da man gyaɗa.

Da yake ana hutun makaranta, yau da hantsi muka haɗu, ƙarfe bakwai da rabi, hazo ya rufe gari, kowa ya ƙudundune cikin rigar sanyi. Ma'auni ya nuna digiri 18, kayan kuma a zauren suka kwana. Ruwa sakan 4, man gyaɗa sakan 43, zuma awa ɗaya da minti 16. Manja ya yi barcin da aka faɗa, ko da aka kifa kwalbar bai motsa ba. Waɗannan lambobi ne za su zama ma'auninmu na hunturu.

Alhamis, 9 ga Janairu, 2025

Zaman yau ya fi kowanne amfani zuwa yanzu, kuma ba ni na tsara shi ba. Wajen wanke sirinji, mai ya zuba a cikin kofin ruwa ya taso sama, sai autan cikinsu, wanda bai cika magana ba, ya ce: "Malam, in mai ya fi ruwa kauri, mi yas sa yat tashi bisa?" Na mayar da tambayar ga sauran, sai na tarar cewa takwas daga cikin goma sha ɗaya suna ɗaukar kauri da nauyi abu guda ne. Ban ga laifinsu ba, domin zuma, wadda ita ce misalin da kowa ke kawowa, ta haɗa duka biyun.

Na aika aka aro ƙaramin sikeli wurin mai shagon da ke bakin layi. Muka auna mililita 100 na kowanne a kofi ɗaya, bayan an cire nauyin kofin. Ruwa ya ba da giram 100, man gyaɗa 92, zuma 141. Ke nan mai ya fi ruwa kauri nesa ba kusa ba, amma ruwa ya fi shi nauyi, shi ya sa ruwan yake kwanciya a ƙasa. Domin in ƙara warware musu, na sa aka narka gishiri a ruwa har ya ƙi narkewa. Wannan ruwan gishiri ya kai giram 119, amma a cikin sirinji da kyar aka bambanta shi da ruwan randa. Nauyi ya ƙaru, kauri bai tafi ko'ina ba.

Daga ƙarshe muka zuba zuma, ruwa mai ɗan shuɗi da man gyaɗa a dogon kofin gilashi, suka jera hawa uku. Na ce kowa ya zana jerin a littafinsa, ya rubuta na sirinji a gefensa. A kofi, mai ne a sama, ruwa a tsakiya. A sirinji, ruwa ne a gaba, mai a tsakiya. Yarinyar nan mai maganar barcin manja ta daɗe tana kallon jerin biyu, sannan ta goge wani abu da ta rubuta a makon farko.

Alhamis, 23 ga Janairu, 2025

Wani mai gyaran keke ya ba mu ƙananan ƙwallayen ƙarfe na boris iri biyu, babban ya ninka ƙaramin faɗi. Na ƙidaya su kafin zama da bayan zama, saboda ƙannen wasu sukan biyo su, kuma abu ne mai sauƙin haɗiyewa. A cikin mai, ƙwallon yakan faɗa ƙasa kafin a ƙifta ido. A cikin zuma kuwa ana iya binsa da kallo yana nitsewa a natse, da gudu ɗaya daga sama har ƙasa. Ƙaramin ya ratsa santimita 10 cikin sakan 31, babban cikin sakan 9. Lissafin da George Stokes ya fitar a Ingila a 1851 ya ce ninka faɗin ƙwallo sau biyu yana ninka gudunsa sau huɗu. Mun ɗan gaza haka, kuma dalilin a bayyane yake, domin kwalbarmu siririya ce, bangonta ya fi takura wa babban ƙwallon.

Bayan haka na ba su labarin gwajin kwalta na Jami'ar Kwinsland a ƙasar Ostireliya. A 1927 wani malamin kimiyya mai suna Thomas Parnell ya narka kwalta ya zuba a mazurarin gilashi, ya bar ta ta kwanta shekara uku, sannan ya yanke bakin mazurarin a 1930. Kwaltar tana da taurin da guduma za ta farfasa ta, amma tana kwarara. Ɗigon farko ya faɗo a 1938, na tara kuma a watan Afrilu na 2014. Yaran ba su yarda ba, kuma na ji daɗin rashin yardar tasu. Na samo guntun kwalta mai tauri irin wadda masu liƙin rufin kwano suke narkawa, na narka ta ni kaɗai a bayan gida don kada hayaƙi ko zafinta ya taɓa kowa, na zuba a mazurarin gilashi da na aro. Yanzu tana kan taga a cikin zauren, an kifa mata babbar roba saboda ƙura, an kuma ja layi da alƙalami a daidai inda ta tsaya.

Alhamis, 6 ga Fabrairu, 2025

Darasin yau shi ne zafi yana rage kauri. Mun tsoma ƙaramar kwalbar zuma a ruwan ɗumi na minti 10, ta koma tana zuba kamar mai. Mahaifin ɗaya daga cikin yaran, wanda ke gyaran babura, ya leƙo da sabon galan na baƙin mai ya nuna musu rubutun 20W-50. Lambar farko tana nuna yadda man yake gudana cikin sanyi, ta biyu kuma kaurin da yake riƙewa idan inji ya ɗauki zafi. Ya ce 'yan kabu-kabu sun san bambancin tada babur da asubar hunturu da tada shi da rana tsaka, ko da ba su taɓa duba lambar ba.

Ina cikin jin cewa darasi ya zauna, sai wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce: "Malam, ai koko da ruwan zahi shika kauri." Gaskiya ta faɗa, kuma da na yi mata kwana-kwana da na rushe duk abin da muka gina. Na roƙi uwargida ta ba mu gasara, aka dama a gabansu. Bayanin shi ne gasara ba ruwa ba ce zalla, ƙananan ƙwayoyin sitaci ne suke yawo a cikin ruwa. Idan zafi ya wuce kimanin digiri 60 zuwa 70, ƙwayoyin sukan sha ruwa su kumbura su cika wuri, har wasu su fashe. Wato zafin ya sauya abin ne gaba ɗaya, ya mayar da gasara koko. Amma da zarar ya zama koko, sai ya bi dokar da zuma ke bi, domin kowa ya san kokon da ya huce ya fi mai zafi kauri. Mun bar kofi ɗaya ya huce, ludayi ya tabbatar.

Tunda sitaci ya shigo magana, na fito da abin da na yi niyyar ajiyewa sai mako mai zuwa, wato ɗanyen sitacin rogo irin na masu wanki da guga. Awo biyu na sitaci, awo ɗaya na ruwan sanyi, a cikin roba mai faɗi. Idan aka tsoma yatsa a hankali yakan nitse, idan aka naushe shi sai ya tsaya kamar daɓe. Yaro yakan dunƙule shi a tafin hannu ya zama ƙwallo, yana daina murzawa sai ya narke ya bi ta tsakanin yatsu. Ƙwayoyin ne suke cunkushewa idan an matsa musu da sauri, kamar yadda ƙofar masallaci ke toshewa idan kowa ya yunƙura fita lokaci ɗaya. Irin wannan abu ba shi da lamba ɗaya ta kauri, sai dai a tambaya da wane irin ƙarfi aka taɓa shi. Zauren ya yi fari fat, kuma an yi mini magana a cikin gida.

Alhamis, 20 ga Fabrairu, 2025

Mun koma kan kwalin da ke bango, muka ɗauko yauƙi. An tace ruwan ɗanyar kuɓewa da na karkashi aka sa a sirinji. Dukansu sun wuce cikin ƙasa da minti ɗaya, sun bar zuma a baya can. Amma da aka tsoma cokali aka ɗaga sama, zaren karkashi ya kai kamu biyu kafin ya tsinke, kuma da ya tsinke sai ya ja da baya kamar roba, abin da zuma ba ta yi. Yauƙi yana zuwa ne daga dogayen sinadarai masu kama da zare da suke sarƙe da juna a cikin ruwan. Saboda haka muka raba shi da kauri, kamar yadda muka raba nauyi.

Malamin makarantar allon da ke maƙwabtaka da mu ya karɓi gayyatata, ya zo da kurtun tawada da ƙullin ƙaro. Ya nuna musu yadda ƙaro ke riƙe baƙin tawada. Idan ya yi kaɗan, tawada takan tsinke ta zubo daga bakin alƙalami ta ɓata allo, idan ya yi yawa kuma takan liƙe ta ƙi sauka, harafi ya fita a yayyanke. Ba ya auna komai. Yakan tsoma alƙalami ya ɗaga, ya dubi yadda ɗigon ya rataye, ya ja layi ɗaya a gefen allo, shi ke nan ya san ko za a ƙara ruwa. Na roƙi alfarma ya ba mu kaɗan daga wadda ya ce ta yi daidai, muka sa a sirinji, ta ci sakan 6. Ya yi dariya ya ce shekara talatin yana haɗa tawada, sai yau ya ji tana da lamba.

Alhamis, 27 ga Fabrairu, 2025

Azumi ya ƙarato, saboda haka mun dakatar da zama sai bayan Sallah. An wanke sirinji an shanya. Kwalta ta leƙa wuyan mazurari da abin da bai wuce kaurin farce ba, har ana gardama ko ta motsa ko ido ne. Na ba yara biyu da ke kusa aikin duba ta kowace Juma'a da rubuta zafin zauren.

Alhamis, 10 ga Afrilu, 2025

An yi Sallah ranar 30 ga Maris, yau kuma muka dawo da yara tara, biyu sun tafi ƙauye ba su komo ba tukuna. Ma'auni ya nuna digiri 41 a cikin zauren bayan La'asar, babu wuta, kowa yana fifita da murfin littafi. Na fito da kwalaben da na liƙe tun Janairu, yaran suka duba kyauron da kansu suka tabbatar ba a taɓa buɗewa ba, kuma tun safe na ajiye su a zauren don su ɗauki zafin wurin.

Ruwa ya ci sakan 4, kamar dai ba a sauya yanayi ba, ko da yake a haƙiƙa kaurinsa ya ragu da fiye da kashi ɗaya cikin uku, sirinjin ne ba ya iya gani. Man gyaɗa ya sauko daga sakan 43 zuwa 19. Zumar da ta tsare mu awa ɗaya da minti 16 da safiyar hunturu ta wuce yau cikin minti 7 da 'yan sakanni, har muka samu yin awo uku cif. Manja ya farka, ya ci sakan 22. Na sa su raba lambar Janairu da ta yau, suka ga mai ya sauya sau biyu da ɗoriya, zuma kuwa sau goma. Daga nan wani ya kawo maganar masu sayen zuma da ke ɗaga cokali su ce mai kauri ita ce ta gaskiya. Na ce ya dubi lambobinsa, zuma ɗaya ce daga kwalba ɗaya, kuma sukarin da aka dafa sosai ma yana iya yin kaurin da ya fi nata.

Littafin masu duba kwalta ya nuna cewa ba ta yi wani abin kirki ba har tsakiyar Maris, daga nan ta fara sauka mako bayan mako. Yau ta kai santimita 3 ƙasa da layin Janairu, saura santimita 2 ta isa bakin mazurarin. Kowane yaro ya rubuta ranar da yake zaton ɗigon farko zai faɗo, aka ninke takardun aka sa a gwangwani. Mafi kusa ya ce kafin Babbar Sallah, autan kuma ya ce sai an yi ruwan farko gari ya yi sanyi, wanda a lissafinsa zai ƙara mata jinkiri. Mako mai zuwa za mu sa wa bakin sirinji dogon siririn bututu irin na ƙarin ruwa, sabo daga kyamis, mu ga ko tazarar ruwa da mai za ta matso kusa da 70 ɗin da ke cikin littafi.